Amsoshin Wasiƙunku: Tarihin Maganin Sankarar Jinin Yara

TAMBAYA: Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga Kakuri, kudancin birnin Kaduna, daga hannun wani dattijo, tsohon ma'aikacin masaƙa, wanda ya roƙi mu sakaya sunansa. Bayan gaisuwa, ga abin da yake cewa: "Jikana ɗan shekara biyar ya yi wata biyu yana zazzaɓi, ana ba shi maganin cizon sauro da na taifot ba sauƙi, har aka tura mu Zariya. Can aka ɗebi ɓargonsa aka ce sankarar jini ce. Yau wata uku ke nan ana yi masa magani. Zazzaɓin ya tafi, har yana wasa, amma gashin kansa ya zube, fuskarsa ta kumbura, wani lokaci bakinsa ya yi ƙuraje ya kasa cin abinci. Likita ya ce sai an yi shekara biyu da wani abu. Kakarsa da sauran dangi sun ce tunda ya warke a dawo da shi gida, maganin nan shi zai kashe shi, ga kuma kuɗi sun ƙare. Don Allah ku ba ni tarihin wannan magani. Wa ya ƙirƙiro shi, me ya sa yake wahalarwa haka, kuma da gaske ana warkewa?"

AMSA: To Malam, sannu da jinya, Allah Ya ba yaro lafiya. A rediyo mun amsa maka a gurguje saboda ƙurewar lokaci, ga cikakken bayanin a nan. Ka yi daidai da ka nemi tarihi, domin gardamar da ake yi a gidanku yau, ita ce likitocin duniya suka yi a tsakaninsu shekaru saba'in da suka wuce, kuma da rayukan yara aka sayi amsarta.

Ita dai wannan cuta sunanta na asibiti lukimiya. A cikin 1845 ne likitoci biyu, John Hughes Bennett a birnin Edinbara da Rudolf Virchow a birnin Balin, kowanne ya yi bayanin mara lafiyar da jininsa ya cika da fararen ƙwayoyi. A 1847 Virchow ya raɗa mata suna daga harshen Girka, ma'anarsa kuwa "farin jini". Sai dai ba irin farin jinin da Bahaushe ke roƙon Allah Ya ba shi ba ne.

Tunda kai mutumin masaƙa ne, bari mu kwatanta maka da abin da ka sani. Ɓargon da ke cikin ƙashi masaƙa ce mai sashe uku. Sashe ɗaya yana fitar da jajayen ƙwayoyin jini masu kai iska ga jiki. Na biyu yana fitar da fararen ƙwayoyi, su ne sojojin da ke yaƙar cuta. Na uku yana fitar da wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi masu sa jini ya daskare idan an ji rauni. To a sankarar jini, sai inji ɗaya a sashen fararen ƙwayoyi ya lalace, ya dinga zubo kaya ɗanye mara amfani dare da rana ba tsayawa, har ya cika masaƙar, sauran injuna su rasa wurin aiki. Shi ya sa za ka ga yaro ya ɗashe, yana yawan zazzaɓi, yana haɓo ko dasashinsa na jini, ƙasusuwa na ciwo, kaluluwa da saifa da hanta sun kumbura. Irin da ta fi kama yara, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da haruffa uku, ALL, ta fi yawa tsakanin shekara 2 zuwa 5, kuma tana da sauri ƙwarai. Ba a ɗaukarta daga wani, ba sammu ba ce, ba kuma laifin uwa ko uba ba ne.

SHEKARA ƊARI BA MAGANI

Daga 1845 har zuwa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, abin da likita ke iya yi kawai shi ne ya faɗi sunan cutar, ya ƙara wa yaro jini, ya sallame shi. Yawanci cikin wata uku magana ta ƙare.

Hanyar magani kuwa, abin mamaki, daga masaƙa ta faro. Wajen 1930 wata likita 'yar Ingila, Lucy Wills, ta je birnin Bombay na Indiya tana binciken wani mugun ƙarancin jini da ke kama mata masu ciki, musamman ma'aikatan masaƙun birnin. Ta gano cewa akwai wani sinadari a cikin abinci wanda in babu shi ɓargo ba ya iya saƙa jini. Shi ne daga baya aka sani da folik asid, 'yar ƙwayar nan ruwan ɗorawa da ake ba mata a wurin awo.

Sai wani likita a asibitin yara na birnin Bostan a Amurka, Sidney Farber, ya ce bari ya gwada irin wannan sinadari ga yara masu sankarar jini, ko zai gyara musu ɓargo. Maimakon gyara sai cutar ta ƙara gudu. Nan ya yi tunani, in dai wannan abu ne abincin cutar, to a nemo abin da zai yi kama da shi ya yaudare ta, ta ci ta mutu. Wani masanin haɗa magunguna ɗan Indiya da ke aiki a Amurka, Yellapragada Subbarow, shi da abokan aikinsa suka haɗa masa maganin, mai suna aminoftarin. A ƙarshen 1947 Farber ya fara ba da shi. A 1948 ya buga sakamako: cikin yara 16, guda 10 sun sami sauƙi. Yaran da ke kwance suka tashi, suka ci abinci, suka yi wasa, aka duba jininsu a madubin likita ba a ga cutar ba.

To Malam, a nan ne darasin farko yake, ka riƙe shi da kyau. Bayan 'yan watanni cutar ta dawo wa yaran nan, ta dawo kuma da taurin kai, maganin bai ƙara cin ta ba. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Abin da aka gane shi ne, ranar da aka gano cutar akwai miyagun ƙwayoyi dubban miliyoyi a jikin yaro. Watan farko na magani yana share mafi yawansu, har madubi ya kasa ganin saura, amma sauran suna nan a laɓe. Wannan hali shi ake kira lafawar cuta. Lafawa daban, warkewa daban. Jikanka da kake gani yana wasa, a wannan mataki yake.

AN TARA MAKAMAI

Daga nan aka shiga neman ƙarin magunguna. Wajen 1950 aka ga magungunan dangin kotizon suna narkar da ƙwayoyin cutar, daga cikinsu ne aka sami firednisolon. A 1951 Gertrude Elion da George Hitchings suka haɗa makaftofurin, aikin da yana cikin abin da ya sa aka ba su lambar yabo ta Nobel a 1988. Aka kuma gyara maganin Farber ya zama metotireksat. Wani maganin, asfarajinas, asalinsa daga jinin ɓeran Masar aka gano shi, a binciken da aka fara a 1953.

Akwai kuma binkiristin, wanda aka amince da shi a Amurka a 1963. Daga wani fure ɗan asalin tsibirin Madagaska ake tatso shi, furen nan mai ruwan hoda ko fari mai kunne biyar da ake shukawa don ado a ƙofar gidaje da ofisoshi, har a Barnawa da Narayi za ka gan shi. Amma kada wani ya ji haka ya je ya dafa ganyensa ya ba yaro. Sai an tara ganye tuli guda kafin a tace abin da bai cika cokali ba, kuma ganyen yana da guba.

Duk da haka, kowane magani shi kaɗai sauƙin 'yan watanni yake kawowa. Lokacin da masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957, kusan babu yaron da ke tsira daga wannan cuta ko'ina a duniya, ɗan mai kuɗi ko ɗan talaka.

Sai wasu likitoci biyu masu suna iri ɗaya a cibiyar binciken sankara ta Amurka, Emil Frei da Emil Freireich, suka ce a yi wa cutar taron dangi kamar yadda ake yi wa tarin fuka, watau a haɗa magunguna da yawa lokaci guda, wanda ƙwayar ta kauce wa wannan, wancan ya same ta. Wajen 1962 suka haɗa guda huɗu. Abokan aikinsu da yawa suka ce wannan zalunci ne, guba huɗu ga yaro ɗaya, a bar yara su mutu cikin salama mana. Ka ga ke nan maganar kakar yaron nan ba sabuwa ba ce, manyan likitoci ma sun taɓa yin ta. Yaran sun sha wuya matuƙa, amma da yawa suka tashi, cutar ta lafa fiye da yadda aka taɓa gani.

Ana cikin murna sai yaran suka fara dawowa da ciwon kai da amai da karkacewar ido. Ashe akwai wani shinge da Allah Ya yi tsakanin jini da ƙwaƙwalwa don kare ta daga guba, kuma shingen nan yana tare magani. Ƙwayoyin cutar sai su tsallaka can su ɓuya, su hayayyafa, su dawo.

Wanda ya toshe wannan kafa shi ne Donald Pinkel, shugaban farko na asibitin St. Jude da aka buɗe a birnin Memfis a 1962. A wancan lokaci yara 4 kacal cikin 100 ke tsira. Pinkel ya tsara abin da ya kira cikakken magani: a haɗa magunguna a farko, a bi cutar har maɓoyarta ta hanyar allura a ruwan ƙashin baya da gasa kai da hasken na'ura, sa'an nan a ci gaba da ba da magani shekara biyu zuwa uku ko da yaro ya yi garau. A gwajin da ya fara a 1967, kusan rabin yaran suka warke, warkewa ta har abada, suka girma suka yi aure. A shekarun 1970 wani likitan Jamus, Hansjörg Riehm, ya ƙara wani mataki, watau a sake maimaita magani mai ƙarfi bayan 'yan watanni ko da ba a ga alamar cuta ba, adadin masu warkewa ya sake hawa. Yau a ƙasashe masu hali kimanin yara 90 cikin 100 ne ke warkewa.

Saboda haka shekara biyu da wani abu da likita ya faɗa maka ba son kuɗi ba ne, ba kuma ƙa ya yanke ba. An gwada gajeren lokaci, an ga abin da ya biyo baya.

YAƘI NA BIYU

Yanzu sai tambayarka ta biyu, me ya sa maganin ke wahalarwa. Dalili shi ne, magungunan nan suna farautar duk ƙwayar da ke saurin hayayyafa ne. Ƙwayar sankara tana da sauri, amma haka ma tushen gashi, da fatar cikin baki da hanji, da shi kansa lafiyayyen ɓargon. Shi ya sa gashi ke zubewa, baki ke ƙuraje, jini ke ƙasa. Bambancin shi ne lafiyayyun ƙwayoyi suna farfaɗowa, gashi yana tsirowa. Kumburin fuska da yawan ci da saurin fushi kuwa aikin firednisolon ne ko ɗan'uwansa, suna tafiya in an rage shi.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, wani ɓangare na nasarar da aka samu ba daga sababbin magungunan sankara ya zo ba, daga koyon yadda za a raya yaro ne har ya gama shan su. Ga yadda aka yi ta bi ɗaya bayan ɗaya.

Na farko zubar jini. A shekarun 1950 ɗakin yara masu wannan cuta jini ne ko'ina, a zanen gado, a matashi, a rigar ma'aikata. Freireich ɗin nan ne ya nuna cewa ƙarancin ƙwayoyin daskarar da jini ne sanadi, kuma in aka ɗebo su daga sabon jinin mai bayarwa aka ƙara wa yaro, jinin yana tsayawa. Ba don wannan ba da ba a iya haɗa magunguna huɗu ba.

Na biyu zazzaɓi. Idan fararen ƙwayoyi suka yi ƙasa, ƙwayar cutar da lafiyayyen yaro zai kashe bai ma sani ba tana iya kashe wannan cikin kwana ɗaya. A da likita yakan jira sakamakon gwaji kafin ya ba da magani, kafin sakamako ya fito yaro ya tafi. Daga 1971 aka sauya doka: da zarar zazzaɓi ya zo, a fara allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya nan take, gwaji ya biyo baya.

Na uku wani ciwon huhu da ke kashe yara bayan sankarar ta lafa. A 1977 Walter Hughes na asibitin St. Jude ya nuna cewa maganin nan da kowa ya sani, Septrin, yana hana shi in ana sha a kai a kai. Shi ya sa za ka ga an rubuta wa jikanka shi alhali ba ya tari.

Na huɗu ƙoda. A makon farko miyagun ƙwayoyi suna mutuwa da yawa lokaci guda, dattinsu na iya toshe ƙoda. Maganinsa ƙarin ruwa da yawa da wata ƙwaya mai suna alofurinol, wadda ita ma daga hannun Elion da Hitchings ta fito. Amai kuwa, wanda a da shi ne abin da yara suka fi tsoro, an sami maganinsa mai ƙarfi, ondansetiron, a farkon shekarun 1990.

Na biyar shi ne gashin kai da na'ura. Ya ceci rayuka, amma da yaran suka girma sai aka ga wasu karatu na ba su wuya, wasu ba su yi tsawo ba, wasu ƙalilan wani ƙari ya fito musu a kai. Likitoci ba su ɓoye ba, suka yi ta rage shi, har a 2009 asibitin St. Jude ya buga sakamakon da ya nuna ana iya barinsa gaba ɗaya a dogara da allurar ƙashin baya, kuma masu tsira suka haura kashi 90 cikin 100. To allurar bayan nan da iyaye ke tsoro, suna cewa tana gurgunta yaro, ita ce ta maye gurbin abin da ya fi ta illa. Ana yin ta ne ƙasa da inda laka ta ƙare.

Bincike bai tsaya ba. Yanzu akwai gwajin da ke gano muguwar ƙwaya ɗaya cikin 10,000, akwai dashen ɓargo ga waɗanda cutar ta dawo musu, a 2017 kuma Amurka ta amince da wata hanya ta ɗebo sojojin jinin mara lafiya a horar da su a mayar su yaƙi cutar. Amma ka lura, ginshiƙin maganin har gobe tsofaffin magungunan nan ne na shekarun 1950 da 1960.

A NAN GIDA FA?

Ƙasarmu ba 'yar kallo ba ce a wannan tarihi. A shekarun 1960 asibitin koyarwa na Ibadan yana cikin wuraren da aka fara nuna cewa magani zalla na iya narkar da sankarar muƙamuƙin yara, wadda Denis Burkitt ya yi bayaninta a Yuganda a 1958. A 1972, da aka ba da babbar lambar yabo ta Lasker a Amurka ga waɗanda suka kafa maganin sankara, a jeri ɗaya da Pinkel da Frei da Freireich akwai Farfesa Victor Anomah Ngu, ɗan Kamaru, saboda aikin da ya yi a Ibadan.

A Arewa kuwa, Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe sashen koyon likita a 1967, asibitinta na koyarwa ya yi shekaru yana aiki a Tudun Wadan Zariya da Kaduna da Malumfashi kafin ya tare a Shika a 2005. A shekarun 1970 Farfesa Alan Fleming, masanin cututtukan jini, ya yi aiki a Zariya, a 1979 kuma ya buga nazari kan yadda sankarar jini take a Afirka. Abin da ya ja hankalin masana shi ne, yawan da ake gani a Turai ga yara 'yan shekara 2 zuwa 5 ba ya bayyana a littattafan asibitocinmu. Wasu suka ce da gaske ta fi ƙaranci a nan. Wasu suka ce a'a, yaran suna rasuwa ne a gida da sunan zazzaɓin cizon sauro ko shawara ko amosanin jini, ba wanda ya duba jininsu a madubi. Wata biyun da jikanka ya yi ana maganin taifot ya isa misali.

Fleming da abokin aikinsa sun kuma duba jinin 'yan bumburutu da makanikai a ƙasar nan, sakamakon ya fito a 1989, ya nuna ƙarancin jini da sauye-sauyen ƙwayoyinsa ga masu mu'amala da fetur. Sinadarin benzin da ke cikin fetur sananne ne wajen lalata ɓargo da jawo wata irin sankarar jini ta manya. Mun kawo wannan ne don masu zuƙo mai da baki da masu wanke hannu da shi. Amma irin ta jikanka, yawancin lokaci ba a gano wani sanadi, kada ku tsaya zargin kanku.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki sama da kashi 80 cikin 100 na yara masu sankara suna warkewa, amma a ƙasashe da yawa marasa hali ba su kai kashi 30 ba. A 2018 ta ƙaddamar da shirin kai adadin zuwa kashi 60 kafin 2030, kuma wannan cuta tana cikin guda shida da aka sa a gaba. A 2019 gwamnatin tarayya ta fara wani shiri na rage farashin magungunan sankara a asibitocin koyarwa bakwai, ciki har da na Zariya da na Malam Aminu Kano. Abin da ke kawo wannan rata tsakaninmu da su ba wani ɓoyayyen magani ba ne. Abu huɗu ne: zuwa a makare, ƙwayoyin cuta, rashin jini a kan lokaci, da kuma barin magani a tsakiya, wanda yawanci talauci da nisa da gajiya ke jawowa.

ABIN DA YA RAGE GARE KU

Ba mu ga yaron ba, likitansa shi ne mai magana ta ƙarshe. Amma ga abin da tarihin nan ya koyar.

Kada a tsayar da magani don yaro ya yi kyan gani. In cutar ta dawo, maganinta ya fi wuya, ya fi tsada, kuma samun sa'a ya fi ƙaranci. Wuyar ma a watannin farko ta fi yawa. Bayan su akwai dogon zango mai sauƙi, na ƙwayar makaftofurin kullum da metotireksat mako-mako, yaro yana gida, har makaranta yana iya komawa, ana dai zuwa awon jini. Ka ɗauki kakar yaron ku je wurin likita tare, ta yi tambayoyinta da bakinta. Tausayi ne ya sa take faɗin abin da take faɗa, ba a yi mata tsawa.

A sayi ma'aunin zafin jiki a ajiye. In ya kai digiri 38, ko da tsakar dare ne, ba a jira gari ya waye, ba a ba da farasitamol a koma barci. Daga Kakuri zuwa Shika tafiya ce, sai an haye gada an bi ta Kawo. Saboda haka tun yanzu ku roƙi likitansa ya rubuta muku takarda mai bayanin cutar da magungunan da yake sha da abin da za a yi in zazzaɓi ya zo, ku nufi asibiti mafi kusa da ita, kamar St. Gerard ko babban asibitin Gwamna Awan da ke nan kusa da ku, a fara taimako kafin a wuce Zariya.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku tara matasan dangi da na unguwa, da na masallaci ko coci, a san rukunin jinin kowa tun kafin buƙata ta taso. Ba da jini ba ya rage lafiyar mai lafiya.

A nisanta yaron daga mai ƙyanda ko ƙarambau, in kuwa sun haɗu a sanar da likita ranar. Ya kwana cikin gidan sauro, a tafasa ruwan shansa, abinci ya zama dafaffe mai zafi, mai taɓa shi ya wanke hannu. Kafin a yi masa kowace irin rigakafi a tambayi likitansa, sauran yaran gida kuwa rigakafin ƙyanda da aka yi musu kariya ce gare shi. In baki ya yi ƙuraje, a dinga kurkurewa da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, a ba shi kunu da fate da abin da ba yaji. In bayan gida ya yi tauri, ko ƙafa ta fara ja, aikin binkiristin ne, a faɗa wa likita. Ciwon ciki mai tsanani shi ma ba a zama da shi.

Wanzami ya dakata tukuna. Ƙaho da tsaga da cire belu, har da kaciya, duk suna iya jawo jinin da ba zai tsaya ba. Haka asfirin da dangoginsa. Kada a ba shi maganin ƙarin jini na kemis ko jiƙo ba da sanin likita ba, ka tuna abin da folik asid ya yi a hannun Farber. Addu'a kuwa ba ta karo da magani, a yi ta yi.

Sauran masu karatu kuma, in yaro ya ɗashe, zazzaɓi ya ƙi jin magani mako biyu, ga ciwon ƙashi ko haɓo, ku nemi a yi masa cikakken awon jini a duba a madubi. Kada a ba shi ƙwayoyin nan na sa ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, domin wasunsu dangin firednisolon ne, suna lafar da cutar na ɗan lokaci su ɓatar da sawunta, a zo gwaji a kasa ganewa.

Batun kuɗi kuwa, ba za mu ce maka abu ne mai sauƙi ba. Amma kada ku ɓace shiru. Ku faɗa wa likita gaskiyar halin da kuke ciki, ku nemi ofishin taimakon marasa lafiya na asibitin, ku tambaya ko akwai magungunan da ke cikin shirin rangwame. Ka kuma tuntuɓi tsofaffin abokan aikinka na masaƙa da ƙungiyar unguwa. Wanda ya ɓoye ciwonsa, ya ɓoye maganinsa.

A ƙarshe ka tambaya ko da gaske ana warkewa. E, ana warkewa, Malam. Ba kowa ba, ba kuma wanda zai yi maka alkawari sai Allah. Amma yaran Pinkel na 1967 da suka jure har ƙarshe, wasunsu yau sa'o'inka ne, suna da jikoki kamar kai.

Da fatan ka gamsu. A gaida mai jiki, a gaida kakarsa, ka kuma sake rubuto mana mu ji yadda ake ciki. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.